Helios a kan K1000: nesa ba ta fita, haske yayi yawa

Ɗan'uwa na ga tambayarka, kace ka ɗaura lens ɗin Helios 44M-4 a kan kamarar fim ta Pentax K1000 da adafta, abin da ke nesa baya fita tas kuma hotunan duk sun fito fari fat. Matsala biyu ce daban ka haɗa, kuma wallahi duka biyun sun taɓa cin min fim, shi yasa na zauna rubuta maka.

Ta nesa ɗin adaftar ce ba lens ɗin ba. Tazarar da ke tsakanin bakin kamara da fim a M42 (irin bakin da lens ɗinka ke da shi) da Pentax K (irin bakin kamararka) ɗaya ce, milimita 45.46, kaga kenan babu wurin da adafta zata ƙara kauri ko kaɗan. Irin mai faffaɗan baki ɗin nan da ke zama a waje tana ture lens gaba, sai fokas ya kasa kaiwa nesa ko ka murɗa har ƙarshe. Nemi wadda ke nutsewa cikin bakin kamarar ta kwanta daidai da shi. Amma ka sani tana da ɗan ƙarfen da ke kulle ta, ni tawa ta farko ta maƙale sai da na sha wahala kafin ta fito, ka danna ƙarfen a hankali kada ka sa ƙarfi.

Ta hasken kuwa ita ce ta fi damuna. Juya bayan lens ɗinka zaka ga wani ɗan tsinke, a kamarar M42 ta asali ita kamarar ce ke danna shi lokacin ɗauka sai ƙofar haske ta tsuke. K1000 bata san da shi ba, kuma 44M-4 bashi da makunnin A/M (wanda ke sa ƙofar ta tsuke ba sai an danna tsinken ba) irin na Helios 44M. To kai ka sa zoben ƙofar haske a f/8 hankalinka kwance alhali lens yana buɗe gaba ɗaya a f/2, matakai huɗu kenan, haske ninki 16 ya shiga. Ina zargin da mitar waya kake auna haske, don da allurar mitar kamarar kake bi da ka lura bata motsi in ka juya zoben. Gwada yanzu ba fim a ciki: buɗe bayan kamara, sa shota a B (inda take zama a buɗe muddin kana riƙe da maɓallin), danna ka riƙe, ka leƙa kana juya zoben. In ramin bai tsuke ba shikenan ka kama ɓarawon. Mai gyara zai iya danne tsinken ya zauna a ciki, ko ka nemi Helios 44-2 da bashi da tsinken sam. Ni dai bana son a zuba gam a wurin, yana iya malalawa ciki. Bayan nan ka riƙa yin fokas a buɗe, ka tsuke, sannan ka duba allura.

In duk wannan lafiya ne sai ka zargi mita. K1000 batirin LR44 ko SR44 take ci kuma bata da makashi, in ka bar ta ba murfi batir na zuƙewa. Masu kamarori irin OM-1 ko SRT 101 su tasu daban, an yi su ne don batirin makuri mai bolt 1.35, in aka sa na 1.5 mita sai ta riƙa ƙarya. Don gwada mitar, fita rana tsaka, saita kamara a fim mai ISO 400, f/16, ya kamata allura ta daidaita in shota tana wajen 1/500. Kuma dan Allah duba nagatif ɗin kansa kafin ka yanke hukunci, in yayi baƙi ƙirin haske ne yayi yawa, in kuma yana da kyau to wurin sikanin ne aka ɓata maka.