Tambaya da Amsa: Kuɗin Maganin Damina na Yara, Yana Biyan Buƙata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kowace damina ana bin gida-gida ana ba yara ƙwayoyin rigakafin zazzaɓi. Ga masu rabo, ga masu duba su, ga motoci. Da an ɗauki kuɗin nan an sayi magani an zuba a asibiti, ba zai fi ba? Ta yaya ake gane aikin na da amfani? Daga wani malamin makaranta a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Shirin da kake magana a kai shi ne wanda ma'aikatan lafiya a Najeriya ke kira SMC, a Nijar kuma CPS. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yin sa a 2012, ga yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 a ƙasashen Sahel, inda mafi yawan zazzaɓin cizon sauro ke taruwa cikin 'yan watannin damina. Magani iri biyu ake haɗawa, SP (sulfadoxine-pyrimethamine, wanda ke cikin magungunan salfa) da amodiakwin. Ranar farko mai rabo ne ke ba yaro duka biyun a gabansa, sai ya bar wa uwa amodiakwin na rana ta biyu da ta uku. Bayan kwana 28 a sake zagayowa, har sau huɗu, wasu wuraren sau biyar. Gwaje-gwajen da aka yi kafin a amince da shirin sun nuna yana rage kamuwa da zazzaɓin da kusan kashi 75 cikin ɗari a lokacin damina.

Sai maganar kuɗi. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar farashin ƙwaya a matsayin farashin shirin. Mai lissafin gaskiya yana haɗa sufurin maganin daga tashar ruwa zuwa rumbun jiha har zuwa asibitin sha-ka-tafi, da horon masu rabo da alawus ɗinsu, da man baburan masu sa ido, da katin yara da takardun ƙirga, da ladan sankira. Har lokacin ma'aikacin gwamnati da ya bar aikinsa na yau da kullum ana yi masa farashi, ko da ba a ƙara masa ko sisi ba, domin akwai marasa lafiyar da bai duba ba a ranakun.

An yi irin wannan cikakken lissafi a kan aikin 2016 a ƙasashe bakwai: Najeriya, Nijar, Chadi, Mali, Burkina Faso, Gini da Gambiya. Matsakaicin abin da aka kashe kan yaro ɗaya na zagaye huɗu ya kama dala 3.63. A Nijar ya fi araha, dala 2.71, a Gambiya kuwa ya kai dala 8.20. Babban dalilin tazarar shi ne yawan yara, don kuɗin ofis da horo da motoci idan aka raba shi kan yara masu yawa sai ya yi sauƙi a kan kowane ɗaya.

Amma farashin yaro ɗaya bai amsa tambayarka ba tukuna. Abin da ake nema shi ne nawa aka kashe kafin a hana zazzaɓi ɗaya. Ga misali na lissafi kawai. A ce ƙaramar hukuma na da yara 40,000, a farashin dala 3.63 an kashe dala 145,200. In shirin ya hana zazzaɓi sau 15,000, kowane ɗaya ya ci kusan dala 10. In kuwa iyaye da yawa ba su ba da na rana ta biyu da ta uku ba, aka hana 7,000 kawai, farashin ya haura dala 20, alhali kuɗin da aka fitar bai canza ba. Daga nan sai a cire abin da aka tsira da shi: gwajin jini, maganin warkarwa, gadon asibiti, ledar jinin da da an ƙara wa yaron da zazzaɓi ya shanye wa jini, da kwanakin da uba ya bar gona a tsakiyar noma yana jinya.

Don a iya gwada shi da wasu shirye-shiryen, kamar rabon gidan sauro ko allurar ƙyanda, masana na mayar da komai kan ma'auni guda, wato shekarar rayuwa mai lafiya da aka ceto. A lissafin 2016 ɗin, ceto shekara ɗaya ya kama daga kusan dala 19 a Nijar zuwa kusan dala 79 a Gambiya. Ayyukan lafiya ƙalilan ne ke kaiwa wannan arha. A ganinmu kwashe kuɗin a mayar asibiti asara ce, domin asibiti wanda ya iso ƙofarsa kaɗai yake yi wa aiki, kuma yaran ƙauyen da rafi ke yanke wa hanya a watan Agusta su ne suka fi mutuwa. Sai dai shirin ba ya maye gurbin asibiti. Yaron da aka tarar da zazzaɓi ranar rabo ba a ba shi, tura shi ake yi a gwada jininsa, kuma dole ya tarar da magani a can.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar lafiya ce a matakin farko. Rahotonmu ya nuna mun kai ga yara fiye da ɗari bisa ɗari, amma ɗakin yara cike yake da masu zazzaɓi. Ina matsalar take?

Amsa: 'Yar uwa, ki fara duba yawan yaran da aka ɗora lissafin a kansa. Yawan yaran da ake sa ran samu, hasashe ne daga ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da Najeriya ta yi. In garinku ya cika da baƙi ko 'yan gudun hijira, yaran sun zarce abin da ke takarda, sai a ga kashi 110 ko 120 cikin ɗari alhali akwai unguwannin da ba a taka ba. Na biyu, takardar ƙirga fakitin da ya fita take nunawa, ba ta san abin da ya shiga cikin yaro ba. Akwai mai rabon da ke miƙa wa uwa fakiti a zaure ya wuce, akwai mai ba 'yan shekara shida da bakwai saboda uwa ta roƙa, kuma ƙwayar ta yi musu kaɗan. Amodiakwin na da ɗaci, wasu yaran na amai, uwa ta tsorata ta ajiye sauran. Ƙa'ida ita ce in yaro ya amayar cikin minti 30 a sake ba shi sau ɗaya. Wanda ke shan Septrin, ko jikinsa ba ya karɓar magungunan salfa, ba a ba shi sam.

Hanyar gano gaskiya ba ta da tsada. Cikin mako guda bayan zagaye, a tura waɗanda ba su yi rabon ba su zaɓi gidaje ta hanyar ƙuri'a, ban da gidajen bakin titi da mai unguwa zai nuna. A nemi katin yaro, a nemi fankon fakitin, a tambayi uwa wa ya ba da na ranar farko da ko an ƙarasa kwana ukun. A kuma duba tazarar zagaye. Kariyar na yin rauni sosai bayan mako huɗu, don haka in jinkirin sakin kuɗi ya sa zagaye na biyu ya kai kwana 40, an bar yara a buɗe kusan mako biyu a lokacin da sauro ya fi yawa.

Game da cikar ɗaki kuwa, kada ki gwada bana da bara kai tsaye. Ruwan sama na bambanta, kuma in bara kayan gwajin jini sun yanke na wata biyu, littafinku zai nuna zazzaɓi kaɗan alhali ba haka ba ne. Ki raba littafin gida biyu: 'yan ƙasa da shekara biyar da aka ba magani, da 'yan biyar zuwa goma da ba a ba su ba, ki ƙirga waɗanda gwaji ya tabbatar kaɗai. In na manyan ya tashi, na ƙananan ya tsaya ko ya sauka, shirin na aiki. In duka sun tashi tare, sai a koma kan rabon. Kowane ƙaramin yaro da gwaji ya kama, ki rubuta ranar da ya sha na ƙarshe.

Tambaya: A nan Nijar an ce maganin yara ƙanana kyauta ne, amma sau da yawa takarda ake rubuto mana mu saya a waje. Shirin ya mutu ke nan? Daga wata uwa a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, tun 2006 Nijar ta ɗauke wa 'yan ƙasa da shekara biyar kuɗin asibiti, aikin fiɗar haihuwa kuwa tun 2005. Tsarin shi ne asibiti ya yi aiki, ya tura takardar kuɗi, gwamnati ta biya. Kai yara asibiti ya ƙaru, wannan nasara ce ta gaske. Amma biyan ya riƙa jinkiri na watanni masu yawa, asibitoci suka rasa abin sabunta magani, nauyin ya dawo kan iyaye. Mai auna irin wannan manufa, ban da yawan masu zuwa, sai ya ƙirga kwanakin da takardar kuɗi ke yi kafin a biya, da kwanakin da muhimman magunguna suka yanke a wata, da abin da uwa ta fitar daga lalitarta tun daga kuɗin mota har kantin magani. Kwamitin kula da asibitinku na da hurumin neman waɗannan alƙaluma daga shugaban asibiti, ki kai musu takardun da aka rubuto miki da rasit ɗin abin da kika saya.