Lasifika na ƙugi tun da muka haɗa suwica, shin mu cire wayar atin?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ke kula da kayan sauti a masallacinmu. Mun sayo suwica, wato na'urar sauya hoton bidiyo, saboda tafsirin azumi, muka shigar mata da kyamara da kwamfuta, ta fitar zuwa majigi da talabijin ɗin ɓangaren mata. Tun ranar lasifika ke ƙugi, hoton ɓangaren mata kuma sai ya ɗauke ya dawo. Wani mai gyara ya ce mu kwance wayar atin, wato wayar kariya mai kai wuta ƙasa, daga filogin amfilifaya. Azumi ya ƙarato, hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kwantar da hankalinka, duka biyun suna gyaruwa.

Hoton tukuna. Wayar HDMI ta tagulla, wato mai kai hoto zuwa talabijin, in ta haura mita 10 zuwa 15 ba a ba ta amana, balle ta bakin kasuwa. Ɓangaren mata da nisa, sai ka sa HDBaseT, na'urar da ke aika hoto nesa, a kan wayar intanet ta Cat6, wadda ke kaiwa mita 100. Sannan ka tsayar da EDID na suwicar, wato saitin da ke tantance girman hoto, a kan 1080p, don kada majigi da talabijin su riƙa jayayya.

Amma maganar atin, don girman Allah kada ku taɓa ta! Kullum da wannan nake fama. Kowa ya riƙe sukundireba ya zama injiniya, ya buɗe filogi, ya zare wayar nan mai kore da ruwan ɗorawa, ƙugi ya yi shiru, a yi masa tafi a sallame shi. Ai ba gyara ya yi ba, tarko ya ɗana. Ranar da wata waya ta kwance cikin amfilifaya ta taɓa jikin ƙarfe, atin ce za ta ja wutar ta sa fis ya tsinke. In babu ita, wuta mai ƙarfin bolt 230 za ta bi garkuwar wayar sauti, wato ragar ƙarfen da ke cikinta, har jikin makirufo. Wa ke riƙe da makirufo? Liman ko alaramma, leɓensa dab da ƙarfe, ƙafa ba takalmi, wataƙila da danshin alwala. Wannan ake kira dabara?

Ko ba a kai ga rai ba, na'urar da aka raba da atin jikinta kan ɗauki kusan rabin ƙarfin wutar soket. Shi ne ɗan tartsatsin da kake gani in ka soka HDMI, kuma shi ke ƙona bakunan suwica ɗaya bayan ɗaya, a koma ana zagin mai shago.

Ƙugin da kake ji na wutar lantarki ne mai bugun 50 a daƙiƙa. Yana tasowa ne in miksa, wato na'urar haɗa sauti, na wani soket, suwica da majigi na wani, atin ɗinsu bai daidaita ba, sai wuta ta riƙa zagayawa ta wayar sauti. Ka mayar da miksa, amfilifaya da suwica kan layin wuta ɗaya. Tsakanin suwica da miksa ka sa akwatin DI mai taransifoma, ɗan akwatin da ke raba na'urorin biyu amma ya bar sauti ya wuce, ka fita da wayar XLR irin ta makirufo, ka danna maɓallinsa da ke ɗage atin. Wannan maɓallin atin ɗin wayar sauti kaɗai yake yankewa, na filogi yana nan daram.

Kafin tafsirin farko, a kira ƙwararren mai aikin wuta ya auna atin ɗin ginin da na janareto. In mai gyaran ya riga ya taɓa wani filogi, a buɗe shi yau a mayar da wayar.