Ai hidima muke sayarwa a Yamai

Yaya ka tambaye ni wai mu Hausawan da ke zaune Yamai da me muke ci, tunda ba mu da gona a nan kuma ba masaƙu irin na Bompai da Sharaɗa a Kano. Toh wallahi dariya na yi, don babanmu ma da ya baro Katsina ya sauka unguwar Zango a nan Yamai bai taɓa ƙera ko allura ba, mai tebur ne, sukari da ashana da ganyen shayi, a haka ya aurar da mu duka.

Ka shigo tashar mota ta Wadata da asuba ka gani. Mota ta iso daga Tawa ko Ƙonni, kafin fasinja ya sauko mai kabu-kabu na jiransa, ɗan dako ya riga ya cafke buhu, mai shayi ya fasa ƙwai, yaro mai cajin waya ya jera wayoyi sun fi talatin kan benci ɗaya, ga-ruwa na turo kura. Duk cikinsu ba wanda ya noma komai, amma kowa zai koma gida da cefane. Af, in ka zo kar lissafi ya ruɗe ka, mu da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa 5, in an ce maka arba'in 200 ake nufi, jika kuma 1000.

Abin da ya fi canza mana rayuwa a ganina aiken kuɗi ne. Da sai ka nemi direba ka damƙa masa ambulan kana addu'a, yanzu ka shiga kamfanin aiken kuɗi na Nita ko Al Izza, kafin ka fito tsohuwa ta karɓa a ƙauye. Mutanen Adar da ke bida a Abijan haka suke aikowa gida, kuɗin ya zama taki, ya zama kwanon rufi, wani ya zama jarin ƙosai. Shi ya sa in aka ce hidima ba ta gina ƙasa ni ban yarda ba, albasar Galmi in babu kamiyo, wato babbar mota, da dillali da waya ai ruɓewa za ta yi a gona.

Amma fa kana da gaskiya ta wani gefen, yawancin abin da muke juyawa kayan wasu ne. Da Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019 mun ji a jikinmu, na 2023 kuwa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli ya fi zafi, ga takunkumin CEDEAO, wato ƙungiyar ECOWAS, ga an yanke wutar da ke zuwa daga wajenku Najeriya, hanyar Kwatano ta toshe sai zagaye ta Lome da Burkina. Maƙwabcina mai sayar da ƙanƙara firizansa biyu suka koma ma'ajiyar kwanuka, ni kuma shagona a kasuwar Katako sai in wuni ina korar ƙuda.

In Allah ya kawo ka ka taho min da yadi daga Kantin Kwari, nan tsada yake.