Ɗakin marigayi cike da kaya: me za a zubar, me za a gyara, me za a ƙona?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Aboabo nake rubutowa, a Kumasi. Shekara uku ke nan da rasuwar mahaifinmu, ɗakinsa yana kulle da kayansa: firij da ya daina sanyi, fanka biyu, keken ɗinki, katifa, adakar tufafi, da buhun takardu wanda a ciki akwai Alƙur'anai yagaggu da littattafai da alluna. Bara ruwa ya shiga ɗakin. Ni ne babba. Mahaifiyarmu tana nan, da ƙanwata mai aure, da autanmu namiji ɗan shekara 11, kakarmu mahaifiyar baba kuma tana Tamale. Ina so in share ɗakin don aurena ya matso: ƙarafa in sayar wa 'yan kondem, tufafi in yi masa sadaka, takardun in ƙona. Sai wani dattijo a masallacinmu ya ce ƙona Alƙur'ani haramun ne, wanda ya yi ba zai gama da duniya lafiya ba. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sanya alheri a auren.

Ɗana, ƙona takardu ne ya tsorata ka, amma ni inda na tsaya a wasiƙarka shi ne shekarun autanku. Share ɗaki, gyaran abin da ya lalace, rabuwa da abin da ba a amfani da shi, duk halal ne, abin so ne ma, babu mai ja. Sai dai mutum yana yin haka da kayansa ne, kai kuwa waɗannan ba naka ba ne kai kaɗai. Tun daga sa'ar da mahaifinku ya cika, duk abin da ya mallaka ya zama na magada, har tsohuwar buta. Aya ta 7 a Suratun Nisa'i ta ce rabo ne yankakke daga abin da ya ƙaranta da abin da ya yi yawa. Mutanenmu sun saba ɗaukar gida da fili da mota a matsayin gado, kayan ɗaki kuma a ce tarkace ne, babban ɗa ya yi yadda ya ga dama. Wannan al'ada ba ta da tushe.

Manya suna iya yafe rabonsu. Mahaifiyarka, ƙanwarka da kakarka, kowacce in ta ce da bakinta, ba don kunya ba, ta bar nata a yi wa marigayi sadaka, shi ke nan. Yaro ɗan shekara 11 kuwa yafewarsa ba ta ƙulluwa, kuma ba kai ba, ko mahaifiyarsa ba ta da ikon yin kyauta da dukiyarsa. Sadakar da aka haɗa da rabon maraya, ana neman lada ne da haƙƙin wanda Allah ya yi kashedi mai tsanani a kansa.

Mafita ba ta da wuya. A fara ware abin da ba na marigayi ba, domin sau da yawa keken ɗinki na uwargida ne ko da a ɗakin miji yake, sai ka tambaye ta. A tabbatar babu bashi ko wasiyya da ta rage. Sannan a kira mutum biyu da suka san farashin tsofaffin kaya su yi wa kowane abu kuɗi, a rubuta. A ce duka ya tashi sidi 2,400, kuɗin Gana. Mahaifiyarku tana da sumuni, wato ɗaya bisa takwas, sidi 300. Kakarku tana da sudusi, wato ɗaya bisa shida, sidi 400. Sidi 1,700 da ya rage a kasa biyar: kai 680, auta 680, ƙanwarku 340. In ka ware wa auta sidi 680 ɗinsa aka adana masa a gaban shaidu, manya kuma suka yafe, to ka yi sadakarka da zuciya ɗaya. Kada a manta da kaka don tana nesa. Na san dokar gado ta Gana ta 1985, wadda ake kira PNDC Law 111, ta bar kayan cikin gida ga matar mamaci da 'ya'yansa, don haka kotu ba za ta neme ka a kan wannan ba. Sudusin kaka a wurin Allah yana nan duk da haka. Ka buga mata waya ka faɗa mata adadin, ta karɓa ko ta yafe.

Ɗakin da kake son sa amarya ma, in gidan mallakin marigayi ne, hukuncinsa ɗaya da kayan. Ba ka tambaya ba, amma ku zauna a kansa tun kafin a ɗaura aure, a san yadda za a kiyaye rabon auta. Rigimar da ake yi a gidajen zango bayan shekara goma yawanci a nan take tsirowa.

Kada kuma ka yi gaggawar kiran 'yan kondem, don su a kilo suke saye, a farashin ƙarfe. Sayar da abin da ke gyaruwa a wannan farashi tauye rabon maraya ne, kuma yana cikin tozarta dukiyar da aka hana. Manzon Allah (SAW) yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa, kuma da ƙoƙonsa ya tsage ɗaure shi aka yi da azurfa. Fankar da in an kunna take gurnani ba ta juyawa sai an tura ta da hannu, mafi yawa kafasita ce ta mutu, abu ne ƙarami mai araha, a duba lambar da ke jikin tsohuwar a sayo irinta. In kuma ta yi tauri ko da hannu, ƙura ce da bushewar mai. Wadda ta yi ƙaurin ƙonewa ce kawai sai an sake naɗa mata waya. Keken ɗinki irin na ƙarfe da wuya ya mutu: a ɗiga kananzir a gaɓoɓinsa ya kwana, a juya a hankali, a goge, sannan a sa man keke. Kada a sa man gyaɗa ko manja, suna daskarewa su kama ƙura su ƙara ƙulle shi.

Firij shi ne mai buƙatar lura. In yana yin ƙas bayan 'yan mintoci ya yi shiru, sau da yawa ɗan abin da ke tayar da kwamfireso ne ya ƙone, gyaransa mai sauƙi. In injin yana aiki amma babu sanyi, gas ya tsere, kuma galibi wuƙar da ake kankare ƙanƙara da ita ce ta huda bututu. A nan amana take shigowa. Wasu sukan ɗura gas ba tare da an toshe hudar ba, firij ya yi sanyi sati biyu ko uku, a sayar da shi a wannan tsakanin. Algus ne tsantsa. Ko a gyara hudar, ko a faɗa wa mai saye aibin da sunansa. Kuma tunda ruwa ya shiga ɗakin, kada a jona komai da wuta sai mai gyara ya buɗe ya ga ya bushe. Katifa in ta sha ruwa ta yi funfuna, ko tana da kuɗin-cizo, ba abin sadaka ba ce, an hana mu nufin mummuna mu bayar. Tufafin a wanke a shanya a goge kafin a miƙa wa kowa.

Yanzu maganar dattijo. Ka girmama shi, kishin Alƙur'ani ne ya sa ya faɗa. Kuma rabin maganarsa tana da magabata: Hanafawa da Hambalawa sun zaɓi a naɗe mushafin da ya tsufa a ƙyalle mai tsarki a binne. Wanda ya yi haka bai yi laifi ba. Inda ya kauce shi ne cewa ƙonawa haramun ce kuma tana jawo masifa.

Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa Huzaifa ɗan Yamani ya dawo daga yaƙin Armeniya da Azarbaijan a firgice saboda saɓanin mutane a karatun Alƙur'ani. Sayyidina Usman ya aiko aka karɓo takardun da ke wurin Nana Hafsa, ya sa Zaidu ɗan Sabit da mutum uku daga Ƙuraishawa suka kwafe, ya aika kwafi zuwa garuruwa, ya yi umarni a ƙona duk wani rubutun Alƙur'ani da ba su ba. Wannan ya faru wajen shekara ta 25 bayan hijira, Madina cike da sahabbai. Mus'abu ɗan Sa'ad ya ce ya riski mutane da yawa a lokacin kuma ba wanda ya yi inkari, an kuma ruwaito daga Sayyidina Ali cewa da shi ne da mulki da abin da zai yi ke nan. Duk wanda ya ce ƙonawa wulaƙanci ce a kowane hali, to ya san a kan wa maganarsa take faɗawa.

Masu ja sukan ce a wasu ruwayoyin kalmar yagawa ce ta zo, ba ƙonawa ba. Haka ne, ɗigo ɗaya ya raba kalmomin biyu a rubutun Larabci. Amma Ibnu Hajar da ya tattara hanyoyin hadisin ya ce mafi yawansu sun fito ƙarara da ƙonawa, kuma ita ce ta auku. Sukan kuma kawo hadisin da ya ce ba mai azabtarwa da wuta sai Ubangijin wuta. Wannan a kan mai rai yake, takarda ba a azabtar da ita. Abin da ake dubawa shi ne nufi. Malamanmu Malikawa, waɗanda suka tsananta har suka ce jefa mushafi cikin ƙazanta ridda ce, su ne kuma suka ce ƙona shi don a tsare shi ya halatta, ƙona shi don raini kuwa kafirci ne. Ibnu Baɗɗal ya ce a cikin aikin Usman akwai girmama rubutun da kare shi daga takun ƙafafu. Shafi'awa ma a kan halacci suke. Zancen haukacewa ko mugun ƙarshe kuwa babu aya babu hadisi a kansa, kuma tsoratar da mutane da shi ne ya sa buhunan takardu suke ruɓewa a lungu, ɓera yana fitsari a kai, gara tana ci, kowa yana tsoron taɓawa. Wace girmamawa ce wannan?

Akwai malaman da suka ce wankewa ta fi, kuma sun yi gaskiya a zamanin tawadar gargajiya da ruwa ke ɗaukewa. Tawadar injin bugu ba ta wankuwa, sai dai takardar ta dagargaje da harufanta a jiki. Binnewa kuma sharaɗinta wuri mai tsarki da ba a takawa, ba a tonawa. Ka fi ni sanin Aboabo: tsakar gida siminti, bayan gida kwata, fili yau gobe an haƙa harsashin gini, ruwan sama in ya yi ƙarfi ya tone abin da aka binne ya kai shi rafi tare da shara. A irin wannan wuri ƙonawa ta fi kiyayewa, ita nake ba ka fatawa da ita. In kuwa ka sami gefen maƙabarta inda ruwa ba ya ci, ka haƙa kamu biyu ka binne, ya wadatar.

Kafin wuta, a tantance. Mushafin da bangonsa kawai ya cire ko ɗinkinsa ya warware, a kai wa masu ɗinkin littattafai, a mai da shi masallaci ko makaranta, muddin babu shafin da ya ɓace. Wanda ya rasa shafuka kada a bar shi a hannun yara. Allo a wanke shi, a zuba ruwan a gindin bishiya, itacen a ba wani almajiri. Duk takardar da ka ga rubutun hannu ne, da Larabci ko ajami, kada ta kusanci wuta ko da ta yi baƙi. A irin waɗannan buhunan ake samun ƙasidun malaman ƙasar nan irin su Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, da wasiƙu da salsalar iyali da takardun bashi ko na fili. Ka nuna wa malami ya karanta. Cibiyar nazarin Afirka ta jami'ar Gana da ke Legon ma tana da tarin irin waɗannan rubuce-rubuce tun shekarun 1960. A shanya su a inuwa, ba a rana ba, a jera a kan kanta nesa da bango da ƙasa.

Abin da ya tabbata ba ya karantuwa, ga yadda za a yi. Ka sami kasko ko tukunyar ƙasa mai tsabta, a wurin da iska ba ta kaɗawa, nesa da juji, kada a haɗa da ko tsinken shara. Ka cire bangon roba da leda. Ka warware shafukan ka riƙa sa kaɗan-kaɗan, domin littafi in aka jefa shi dunƙule gefensa kawai yake ci, cikinsa ya fito da ayoyi lafiya lau. Ko bayan takarda ta ƙone harufa sukan fito a jikin toka, don haka a murƙushe ta har ta zama gari, sannan a binne tokar ko a jiƙa ta a zuba a ƙasa mai tsarki, ba a kwata ba. Ka yi shi da alwala in ka samu, kuma ba a gaban yara ko taron jama'a ba, don kada wanda bai san dalili ba ya ga Alƙur'ani a wuta fitina ta tashi. Dattijon nan kuma ka same shi shi kaɗai, ka gaya masa aikin Sayyidina Usman cikin ladabi. In ya ce shi dai binnewa, kuma ya san wuri amintacce, ka ba shi ya binne.

Wallahu a'alam.