Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Freya ta cikin gem ita ce ta asali?

TAMBAYA: Salam Malam, don Allah ina da tambaya, ƙanena ne ya sa ni kallon gem ɗin God of War da yake bugawa, to akwai wata mata a ciki Freya, kullum a fusace da takobi tana neman ɗaukar fansa, shi kuma ya ce wai allahiyar soyayya ce a wajen mutanen arewacin Turai na da. Ni dai wlh ban ga alamar soyayya a tare da ita ba, ko masu gem ɗin ne suka ƙirƙiro abinsu? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikis salam ƴar uwa. Ƙanenki bai yi ƙarya ba, Freya tana cikin abubuwan da mutanen Norwe da Suwidin da Denmak da Aisland suke bauta wa kafin Kiristanci ya shige su, kuma da yawa daga cikin labarinta daga rubutun Snorri Sturluson na Aisland aka samo shi, wajen 1220. Eh ana danganta ta da soyayya da haihuwa, har an ce mijinta Odr ya yi tafiya ya bar ta tana kuka hawayenta suna zama jan zinare, amma fa ba nan ta tsaya ba, don a tatsuniyar rabin waɗanda suka mutu a yaƙi ita take kwashewa zuwa filinta Folkvangr, Odin, babban abin bautarsu, ya ɗauki sauran rabin, kuma ita ta koya wa su Odin tsafin da suke kira seidr. Kin ga ashe takobin da sihirin ba daga sama suka faɗo ba.

Inda Santa Monica Studio, masu gem ɗin, suka yi nasu aikin shi ne sun haɗa mata biyu sun mai da su ɗaya. A tatsuniya matar Odin kuma uwar Baldur sunanta Frigg, ita ce ta bi komai na duniya tana karɓar rantsuwa kar ya cuci ɗanta, sai ta raina kauci ta tsallake shi, shi ne kuwa ya zama ajalinsa. A gem ɗin 2018 sai suka ɗora wa Freya wannan kayan, ta yi wa Baldur asirin da babu abin da zai ji masa ciwo, amma kuma ya daina jin komai, ba zafi ba sanyi ba ɗanɗanon abinci, yaro ya tsani uwarsa kamar me, ƙarshe ma yana shaƙe ta ne tana cewa ta yarda ya kashe ta sai Kratos, jarumin gem ɗin, ya zo ya karya masa wuya. Fushin da kika gani a ci gaban gem ɗin, wato Ragnarök na 2022, daga nan ya taso.

To soyayyar tana nan, ta uwa ce da ta wuce gona da iri, kuma ni a ganina sun kyauta da ba su yi ta a matsayin kyakkyawa mai kashe ido kawai ba, wannan da an daɗe da mantawa da ita. Haɗin ma ba su suka fara ba, masana sun jima suna gardama ko Frigg da Freya asalinsu ɗaya.

Abin da ya ɗan ba ni haushi dai keken nan nata da kyanwoyi biyu suke ja, haba, a ce mace na yawo a keken maguna amma sai aka ajiye ta a gida ƙarƙashin wani ƙaton kunkuru! Aladen dajinta Hildisvini kam sun sa shi, shi ne wanda Atreus, ɗan Kratos, ya harba da kibiya a farkon haɗuwarsu. In ƙanenki ya ce miki ita ta haifi Baldur ki ce masa a gem ne, a tatsuniya ƴaƴanta mata ne, Hnoss da Gersemi.