Amsa ga ɗan'uwan da aka sace wa Land Cruiser a Jidda

Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Ka ce an ɗauke motar da ka ƙara wa manyan tayoyi da fitilun hawa rairayi, kana tambayar ta ina za ka fara.

Kira 911 yanzu, ko ka kai rahoto ta Absher, manhajar ma'aikatar harkokin cikin gida ta Saudiyya, da lambar mota da istimara (takardar rajistar mota) a hannu. Irin wannan mota ba ta daɗewa, kwance ta ake yi a sayar da kayan a tashlihi, wato wurin da ake kwance motoci ana sayar da sassansu, don haka ba 'yan sanda hotunan duk abin da ka ƙara. In da na'urar bin sawu a jikinta, kar ka bi ɓarayin da kanka.

Inshorar shamil, wato cikakkiyar inshora, ce ke biyan sata, kuma kayan da ba ka sanar da kamfanin ba suna iya ƙin biya. In sun yi gardama, nemi lauya.