Wayar Dish: Amsoshin Wasiƙunku na Wannan Mako

Daga Shari'ul Mansur, Makka: Malam, na sayi sabon dish da sabuwar dikoda, amma wasu tashoshin tauraron ɗan Adam na Nilesat suna yankewa, wasu ma sun ɓace. Mai ɗaurin ya ƙara mini tsawon waya da guntun wayar kyamarar tsaro, ya naɗe mahaɗin da salatif. Ko dikodar jabu ce?

Alhaji, dikodarka ba ta yi laifin komai ba, kuma da bakinka ka faɗi inda cutar take. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda mutum zai zuba ɗaruruwan riyal a kan talabijin ba tare da ya ƙifta ido ba, amma idan aka zo kan waya sai ya tsaya ciniki kamar mai sayen tumatir. Wayar kyamara yawanci samfurin RG59 ce, siririya, alhali siginar da ke saukowa daga LNB, wato na'urar da ke gaban dish mai karɓar sigina, mitarta tana tsakanin megahaz 950 zuwa 2150, kuma gwargwadon hawan mitar, gwargwadon yadda siririyar waya ke shanye ta, shi ya sa wasu tashoshi suke riga wasu ɓacewa. Abin da ya dace da kai shi ne waya samfurin RG6 mai lambar om 75.

Mutane kuma suna mantawa cewa wayar nan tana ɗaukar wuta zuwa sama, domin dikoda kan tura bolt 13 ko 18 don LNB ya san rukunin tashoshin da ake nema. Idan wutar ta raunana a hanya saboda mahaɗi mai tsatsa, rukuni guda zai iya tafiya gaba ɗaya. Saboda haka na fi son waya mai zuciyar tagulla zalla, ba ƙarfen da aka yi wa shafen tagulla ba. Ni ba na shiga kasuwa sai da maganaɗisu a aljihu: idan zuciyar wayar ta manne masa, to ƙarfe ne. Ka kuma feɗe bakinta ka duba, idan saƙar da ke kewaye da ita tsilli-tsilli ce kamar gemun ɗan shekara goma sha biyar, ka ajiye musu kayansu. Salatif kuwa, ranar Makka ba za ta bar shi ya daɗe a kan rufi ba. A ja waya guda daga dish har ɗaki, baƙa wadda aka yi don zama a rana, a sa mata kan F na matsewa, wato kan ƙarfen da ake ɗaura waya da shi a jikin dikoda da LNB.

Daga Karantina, Jidda: Zan iya raba waya ɗaya ga talabijin biyu, na falo da na ɗakin yara?

Hajiya, za ki iya, idan kin yarda yara su riƙa zaɓa miki rukunin tashoshin da za ki kalla, domin waya ɗaya rukuni ɗaya take kawowa a lokaci guda. Ki sayi LNB mai baki biyu, kowace dikoda ta samu wayarta. Tunda kina kusa da teku, a rufe kawunan da hular roba saboda laima da gishiri.

Daga Madina: Dish ɗinmu yana saman bene, mu kuma muna hawan ƙasa, tazarar ta kai mita 70.

Malam, a wannan tsawon wayar RG11 nake ba da shawara. Ta fi kauri da tsada, kuma kawunanta daban ne, don haka ka saye su tare.